Na Raba Gonata Biyu Na Gwada Takin Feshi: Ko Wannan Ya Isa Hujja?

Tambaya: Ni malamin gona ne, ina aiki da wata ƙungiyar manoman masara a ƙasar Zazzau. Bara wani dila ya kawo mana takin ruwa na feshi, ya ce in an fesa shi za a iya rage rabin yuriya. Na raba gonata mai hekta ɗaya gida biyu. Gabas na fesa mata takin na kuma rage rabin yuriya, yamma na yi mata yadda muka saba, wato buhu 4 na kamfa da buhu 2 na yuriya a lissafin hekta. Gabas ta ba ni buhu 14, yamma buhu 11. Yanzu 'yan ƙungiya suna so mu haɗa kuɗi mu sayi takin da yawa. Wannan gwajin nawa ya isa hujja? In bai isa ba, yaya zan tsara na bana?

Amsa: Malam, na ji daɗin da ka tsaya ka yi wannan tambayar tun kuɗin jama'a ba su fita daga asusu ba. Gwajinka bai isa hujja ba. Ba wai na ce takin ba shi da kyau ba ne. Abin da kawai ka tabbatar bara shi ne gabashin gonarka ya fi yammacinta ba da masara a wannan daminar. Ko feshin ne ya jawo haka, ko dama can ƙasar gabas ta fi ƙarfi, buhunan nan 25 ba su da bakin da za su faɗa maka.

Duk wahalar da muke sha wajen tsara gwajin gona daga abu ɗaya ta samo asali: gona ba ɗaya ba ce. Kai kanka ka san haka fiye da yadda zan faɗa maka. A cikin hekta guda akwai inda ruwa ke kwanciya, akwai inda yake zarcewa ya tafi da taki. Akwai gindin gawo, akwai tsohon suri da aka baje, akwai inda aka taɓa zuba juji, akwai fako, akwai kusurwar da wuta-wuta ta yi wa gida. Ko da iri ɗaya ka shuka, taki ɗaya ka zuba, rana ɗaya ka yi noma, in ka raba gonar biyu ka auna ba za ka taɓa samun buhu daidai da buhu ba. To in ka ɗora sabon abu a kan rabi guda, saɓanin ƙasar da aikin sabon abin sun cakuɗe ke nan, babu lissafin da zai iya raba su daga baya.

Ni wannan darasin a gona na koye shi, ba a aji ba. Ina sabon shiga aiki aka ba ni gwajin irin dawa guda shida. Na yi layi uku, a kowane layi na jera su daga lamba 1 zuwa lamba 6, daga yamma zuwa gabas, don aikin ya yi kyan gani kuma kada in rikice. Kafin ƙarshen watan Agusta iri na shida ya tsere wa saura, ganye kore shar har yana ɗaukar ido, kara kamar rake. Har na fara rubuta rahoto a zuciyata. Wata ranar da yamma ina tsaye ina kallonsa sai dattijon da ke gadin filin ya matso ya ce, "Ɗan nan, ai nan gefen Fulani suka yi mashekari shekara biyu da suka wuce. Tun daga wancan kirya har zuwa nan shanu suka kwana rani guda." Ya sa fartanya ya tono ƙasar ya zuba mini a hannu. Baƙa ce, tana da laushi, har da ɓurɓushin tsohon kashin shanu. Ya taka ƙafa ashirin yamma ya sake tonowa, ja ce, sai tsakuwa. Da yake lamba 6 kullum gabas take faɗawa, duk maimaicin nan uku a kan mashekarin suka sauka. Damina guda ta tafi, da kuɗin ƙwadago, da irin da aka ba ni amana. Har yau in na ga an jera gwaji bi da bi sai na tuna ƙasar nan a tafin hannuna.

Ba mu ne farkon waɗanda suka ci karo da wannan matsalar ba. A tashar bincike ta Rothamsted a Ingila akwai gonar alkama da ake gwajin taki a kanta tun 1843, kuma har yau ba a daina ba. Da bayanai suka taru musu jibge, a 1919 suka ɗauki wani masanin lissafi, Ronald Fisher, don ya duba. Daga aikinsa a can ne aka samo ginshiƙai ukun da kowane gwajin gona na ƙwarai ke tsaye a kansu: a maimaita abin da ake gwadawa a wurare da dama, a raba wuraren ta hanyar ƙuri'a, a kuma kasa filin rukuni-rukuni yadda kowane rukuni ƙasarsa za ta yi kama da juna. Su ake bi a cibiyar binciken noma ta Samaru, su ake bi a tashoshin cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, irin tashar IITA ta Kano da tashar ICRISAT ta Sadore kudu da Yamai. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya fi ƙarfinka. Igiyar awo, turaku, sikeli da littafi kawai suke buƙata.

Amma kafin mu shiga fili, mu tsaya a kan tambayar, don a nan gwaje-gwaje da yawa ke mutuwa tun ba a shuka ba. Bara abu biyu ka canza lokaci guda, ka fesa sabon taki, ka kuma rage yuriya. A ce ma ƙasar gonarka ɗaya ce sak, sakamako ya zo kunnen doki. Me za ka ce? Dila zai ce feshinsa ne ya cike gurbin yuriyar. Amma mai yiwuwa ne gonar ba ta buƙatar buhu na biyun a wannan shekarar, ko an fesa ko ba a fesa ba. In haka ne, kun ga za ku riƙa biyan kuɗin feshi kowace damina a kan abin da za ku iya samu kyauta.

Saboda haka ka rubuta tambayarka a jimla ɗaya a shafin farko na littafin gwaji: shin takin feshin nan yana iya maye gurbin rabin yuriya a masara a ƙasarmu? Wannan tambayar salo huɗu take buƙata. Na farko, yadda kuka saba, kamfa da cikakkiyar yuriya, ba feshi. Wannan shi ne shaida, da shi za a auna sauran. Na biyu, kamfa da rabin yuriya, ba feshi. Na uku, kamfa da rabin yuriya da feshi, wato abin da dila ke talla. Na huɗu, kamfa da cikakkiyar yuriya da feshi. Salo na biyu shi ne wanda mutane suka fi mantawa, kuma shi ne zuciyar gwajin. In na uku ya fi na biyu, feshin ya yi aiki. In na uku ya kamo na farko alhali na biyu ya gaza, maganar dila ta tabbata. In kuwa na biyu da na uku tafiyarsu ɗaya, to ruwa kawai kuka fesa. Na huɗu zai nuna maka ko feshin yana ƙara wani abu ko da yuriya ta wadata.

Kada ka yarda a cusa maka wasu tambayoyin a ciki. Za a samu mai cewa tunda ana yi, a haɗa da sabon iri, wani ya ce a gwada tazarar shuka. Ka ce su bari sai baɗi. Iri ɗaya za ka shuka a duk gwajin, daga buhu ɗaya, kuma ya zama wanda 'yan ƙungiya suke shukawa, ko ɗaya daga cikin SAMMAZ ne, wato irin masarar cibiyar Samaru, ko na kamfani.

Zan faɗa maka ra'ayina a fili don kada ya zama ina ɓoye wani abu. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, don haka buhun kilo 50 ɗin da ake cewa ku rage yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Lita ɗaya ta takin ruwa, ko da kashi 20 cikin 100 nata naitirojin ne, abin da ke ciki bai wuce kwata ɗin kilo ba. Da wuya lita ɗaya ko biyu su tsaya a matsayin buhu. Sai dai wasu takunan feshin suna ɗauke da zink ko sulfa, kuma akwai gonakin da ke ƙarancinsu a yankinmu, don haka ba zan kore cewa zai iya yin wani amfani ba. Ka duba jikin robar ka kwafe abin da aka rubuta yana ciki. Ra'ayina kuma ba hujja ba ne, kamar yadda na dilan ba hujja ba ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yanzu fili. Ka je tun kafin ruwa ya sauka, kuma kada ka je kai kaɗai. Ka tafi da wanda ya fi kowa daɗewa yana noma wurin, ka tambaye shi me aka shuka bara da bara waccan, ina aka tara kara aka ƙone, ina shanu suka kwana, ina ruwa ke bi in an yi mamako. Ka nisanci inuwar itace, bakin hanya, da gefen kwari. Ba kuma gonar da ta fi kowace kyau a garin za ka zaɓa ba, don amsar da za ta ba ka ba ta sauran jama'a ba ce. Ka nemi mai matsakaicin ƙarfi irin ta yawancin 'yan ƙungiya.

Kusan kowace gona tana da gangare ko da ido bai cika gani ba, kuma ƙarfin ƙasa yakan bi gangaren. A nan rukuni ke shigowa. Ka sa a yi huɗa kunyoyin su gitta gangaren, tsakanin kunya da kunya santimita 75. Kunya shida na can sama su ne rukuni na ɗaya. Ka bar kunya guda ba shuka, shida na gaba su zama rukuni na biyu, haka har rukuni biyar. Kowane rukuni ka yanka shi gida huɗu, kowane gida tsawon mita 5, da ratar mita 1 a tsakani. Kowane gida shi ne fuloti, faɗinsa mita 4.5, tsawonsa mita 5, wato murabba'in mita 22.5. Fulotai 20 ke nan, kuma duka filin bai wuce mita 23 ta mita 26 ba, ko kashi ɗaya cikin goma na hekta bai kai ba. Hikimar ita ce kowane rukuni yana ɗauke da salo huɗun nan duka. In rukunin ƙasa ya fi na sama danshi, to duk huɗun sun sha danshin tare, babu wanda aka fifita. A ratar da ke tsakanin fulotai ka datse kwarin kunya da ƙasa, don kada ruwa ya kwashi yuriyar wannan ya kai wa maƙwabcinsa.

Sai ƙuri'a. Ka yanki takarda huɗu ka rubuta 1, 2, 3, 4, ka nannaɗe ka zuba a hula, ka kira yaro ya ɗauko ɗaya bayan ɗaya. Yadda suka fito haka za su jeru a rukuni na ɗaya. Ka mayar da su cikin hular ka girgiza, a sake ɗauka don rukuni na biyu, haka har biyar. Abin da ya fito kada ka gyara shi, ko da ka ga salon da kake so ya faɗa inda ba ka so. Mutane suna ganin wannan kamar wasa ne, alhali ita ce kaɗai kariyar da kake da ita daga abubuwan da ba ka gani ba, irin mashekarin da na ba ka labari. Tana kuma kare ka daga zuciyarka, don duk wanda ya ƙwallafa rai a kan wani abu, hannunsa zai kai shi wuri mai kyau ba tare da ya sani ba. Ka yi ƙuri'ar a gaban 'yan ƙungiya, in dilan zai zo ma ya fi, don gobe kada wani ya ce an yi son kai.

Da an gama, ka zana taswirar filin a littafi, da alamar gabas da wani abu da ba ya motsi, kamar dutse ko rijiya. Ka ɗauki hotonta a waya, ka kuma ba wani amintacce kwafi. Turaku gara na cinye su, yara na tuge su, rubutun kwali ruwa na wanke shi. Na taɓa ganin gwaji mai kyau da ya tashi a banza saboda ranar girbi babu wanda ya iya cewa wane fuloti ne wane. A jikin turakun kuma lambar fuloti kawai za ka rubuta, 1 zuwa 20, kada ka rubuta mai feshi ko marar feshi. 'Yan ƙwadago in sun san fulotin da maigida ke ji da shi sukan fi gyara masa noma.

Me ya sa rukuni biyar, ba biyu ko uku ba? Bari in nuna maka da lissafi, don a nan ne ake yawan yaudarar kai. Fulotai biyu da aka yi wa komai iri ɗaya ba sa ba da amfani ɗaya. Girman wannan saɓanin ana auna shi da wani mizani da masu bincike ke taƙaitawa da haruffan CV. A ce matsakaicin amfanin gwajinka kilo 3,000 ne a hekta, mizanin saɓanin kuma kashi 12 cikin 100, wanda ba laifi ne a gwajin masara. Da salo huɗu da rukuni biyar, sai tazarar da ke tsakanin salo biyu ta kai wajen kilo 500 a hekta, buhu biyar ke nan, kafin ka iya bugun ƙirji ka ce ba dace ba ne. Da rukuni goma tazarar takan sauko wajen kilo 330. Da rukuni ashirin, wajen kilo 230. Ka lura, kafin ka rage tazarar da rabi sai ka ninka maimaici sau huɗu. In ka sauka ƙasa da rukuni huɗu kuwa, tazarar da ake buƙata takan yi faɗin da kusan babu abin da gwajin zai iya gani. Bambancin da ka samu bara, buhu 3 a rabin hekta, kilo 600 ne a hekta, amma da yake sau ɗaya tak aka yi, babu abin da za a auna shi da shi.

Akwai wata dabara da nake yawan gani wadda ba ta fisshe kowa. Mutum ya raba gona biyu kamar yadda ka yi, sannan ya shiga kowane rabi ya auna wuri goma, ya ce ya maimaita sau goma. Bai maimaita ba. Wuri goman nan na gabas duk a gabas suke, in ƙasar gabas ce mai ƙarfi duk sun gaji ƙarfin. Maimaici na gaskiya shi ne a sake ɗora salon a wani wuri dabam wanda ƙuri'a ta ba shi.

Kai kana da wata dama da masu bincike da yawa ke nema ba su samu ba, kana da ƙungiya. In manoma 15 ko 20 za su yarda kowa ya ba da ɗan yanki a gonarsa, sai kowace gona ta zama rukuni guda, fuloti huɗu, kowanne kamar mita 10 ta mita 10, da ƙuri'arta dabam. Saɓani zai fi yawa, don wani zai makara da noma, wani awaki za su shiga masa, kuma ka sa a ranka cewa biyu ko uku za su lalace. Amma amsar da za ta fito ta garin ce gaba ɗaya, da jigawarsa da lakarsa, ba ta gona ɗaya ba. In za ka iya, ka haɗa biyun: babban gwaji mai rukuni biyar a hannunka, ƙanana a gonakin jama'a. Wannan tsarin ana ce masa uwa da 'ya'ya, an yi aiki da shi sosai a Malawi kafin ya bazu sauran ƙasashen Afirka. Sharaɗi ɗaya ne, kai za ka auna takin, kai za ka kasance a wurin ranar zubawa da ranar girbi.

Awon taki ba a yin sa da ido ko da tafin hannu. Buhu 2 na yuriya a hekta kilo 100 ne, wato gram 10 a kowane murabba'in mita. Fulotinka mai 22.5 zai ci gram 225, mai rabi kuma gram 113. Kamfa buhu 4 kilo 200 ne, kowane fuloti gram 450. Ka nemi ƙaramin sikeli mai batir, ka zauna a gida da daddare ka auna, ka ƙulla a leda, ka rubuta lambar fuloti a jiki. In ka raba na kowane fuloti gida shida, kunya ɗaya ƙulli ɗaya, ya fi, don mai zubawa yakan cika hannu a farko ya ƙare da ƙyar. A tona a binne yuriyar, kada a watsa ta a sama. Feshi kuma ka bi adadin da aka rubuta a jikin robar. Ka fara gwada famfon da ruwa zalla a wani wuri ka ga lita nawa ke ƙarewa a fili mai girman fulotinka, mutum ɗaya ya yi feshin duka, da sassafe kafin iska ta taso, mutum biyu su riƙe tamfol a gefe don kada ya fantsama. Fulotan da ba na feshi ba a fesa musu ruwa zalla daidai wannan adadin, da famfon da aka wanke.

Sauran aiki duka doka ɗaya ce: abin da aka yi wa ɗaya a yi wa duka, a rana ɗaya. Shuka rami-rami tazarar santimita 50, a sa ƙwaya uku, bayan mako biyu a rage a bar biyu, kowane fuloti ya tashi da rami 60, tsiro 120. In aiki ya yi yawa ba zai ƙare yau ba, a tsaya a ƙarshen rukuni, kada a tsaya a tsakiyarsa. Haka noman firi, haka maimai, haka maganin tsutsa. In tsutsa ta shiga a fesa wa duka ashirin, har waɗanda ba ta taɓa ba.

Littafinka ya riƙa shiga gona tare da kai. Ranar shuka, ranar kowane aiki, ranakun da aka yi ruwa da kwanakin da aka yi fari, yawan tsiron da ya rayu, ranar da rabin masarar kowane fuloti ta fitar da gemu, yawan wadda iska ta kayar, yawan wuta-wuta. In saniya ta shiga fuloti na 14, ka rubuta a ranar. Kada ka jira girbi ka ga sakamakon bai yi maka daɗi ba sannan ka tuna da saniya. Fulotin da ya lalace a bar gurbinsa fanko, kada a ƙirƙira masa lamba, masu lissafi sun san yadda ake yi da gurbi.

Ranar girbi ba duka fulotin ake aunawa ba. Kunyar farko da ta ƙarshe a bar su, haka rami ɗaya a kowane bakin kunya. Masarar gefe tana samun rana da sarari fiye da ta ciki, ko kuma saiwarta ta kai ga takin maƙwabci. Abin da ya rage kunya huɗu ne masu tsawon mita 4, murabba'in mita 12, rami 32. Kowane fuloti da buhunsa, takardar lamba ɗaya a ciki ɗaya a waje. A nan nake so ka ga yadda ƙaramin abu ke zama babba. Zangarniya biyar kawai in masu wucewa suka karya don gashi, kowace da hatsin gram 120, gram 600 ke nan. A fili mai murabba'in mita 12 wannan daidai yake da kilo 500 a hekta, wato duk tazarar da gwajinka ke ƙoƙarin ganowa. Shi ya sa na ce ka guji bakin hanya, kuma daga lokacin da masara ta yi goyo sai an sa ido.

Sai danshi. Masarar da ta sha naitirojin sosai takan daɗe ba ta bushe ba, in ka auna ta da ɗanyenta ruwa ka auna. A ce fuloti ya ba ka kilo 4.2, wato kilo 3,500 a hekta, amma danshinta kashi 20 ne. In ta bushe zuwa kashi 14 nauyin zai koma kilo 3.9, wajen kilo 3,250 a hekta. Buhu biyu da rabi sun tafi a iska. In kana iya aron na'urar auna danshi, to. In babu, ka shanya duka ashirin a wuri ɗaya, kowane a kan nasa buhun, kana aunawa har nauyin ya daina raguwa, sannan a casa a sheƙe a auna tsabar.

Lambobi ashirin ɗin nan ka jera su a tebur, rukuni a kwance, salo a tsaye. Tun kafin wani lissafi mai zurfi, ka duba da idonka: a rukuni nawa cikin biyar salo na uku ya fi na biyu? In a duka biyar ne, kuma da tazara mai kauri, akwai magana. In uku ya fi, biyu ya gaza, ka yi hattara da matsakaicin, ko da ya yi kyau. Daga nan ka kai wa wani malami a kwalejin noma ko jami'a mafi kusa ya yi maka lissafin tazarar da na ambata, aikin minti kaɗan ne a kwamfuta. Gara ma ka nuna masa taswirar tun kafin ka shuka, don ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ya ce maka babu bambanci na a zo a gani, ma'anarsa gwajin bai gano bambancin da ya wuce saɓanin ƙasa ba. Mai yiwuwa akwai ɗan ƙarami da ya fi ƙarfin idon gwajin. Wannan yana da muhimmanci a wurinka, don kana so ka ce salo na uku ya kamo na farko, kuma rashin ganin bambanci a ƙaramin gwaji bai isa ya tabbatar da cewa daidai suke ba. Nan ne gonakin 'yan ƙungiya 20 za su yi maka rana.

In ma bambancin ya tabbata, saura lissafin aljihu: kuɗin takin, kuɗin mai feshi, ɗaukar ruwa zuwa gona, a gefe guda kuma kuɗin buhun yuriyar da aka rage da farashin masara a kaka, ba farashin bazara ba.

Damina ɗaya kuma ba ta yanke hukunci. A shekarar da ruwa ya yi ƙaranci yuriya ba ta nuna kanta sosai, sai rabi ya yi kamar ya isa. Gonar da ta sha taki shekaru tana iya ɗaukar ragin shekara guda ba ta nuna ba, sai a ta biyu ko ta uku ta fara ramewa. Don irin wannan ne aka kafa gwajin taki na dogon zango a Samaru tun 1950, ana kwatanta kashin shanu da takin zamani a fili ɗaya shekara da shekaru. Sabon iri ma a Najeriya ba a sakinsa ga manoma sai an gwada shi a tashoshi da dama da kuma gonakin manoma. Kai ba sai ka kai can ba, amma ka yi damina biyu aƙalla, kuma a ta biyun ka bar kowane salo a fulotinsa na damina ta farko, don ka ga ko ragin yuriyar yana cin ƙasar a hankali.

Abin da za ka gaya wa 'yan ƙungiya a taron da ke tafe shi ne a dakata da sayen katan-katan. A sayi abin da zai ishi gwajin kawai, a kasuwa, irin wanda kowa zai samu in ya je saye, ba wanda dila ya ware ya kawo kyauta ba. Ka rubuta lambar da ke jikin robar da ranar da aka yi ta, ka ajiye roba ɗaya a rufe ba a buɗe ba. Kuɗin da aka tara kuma a sayi yuriyar bana da su cikakkiya kamar yadda aka saba, tun farashinta bai tashi ba.